Yayan matata zai ba ni nama bashi, ni kuma ina tsoron kwantai

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina zaune a Kano da matata da yara biyu. Na yi shekara biyar ina gadi a wani kamfani, aka rage ma'aikata, aka ba ni ɗan kuɗin sallama. Na kama ƙaramin shago a bakin titi kusa da masu shayi, ina son in fara tsire da balangu. Gashi dai na iya, don na yi wata takwas ina taya wani mai tukuba da daddare. Abin da ban sani ba shi ne sayayya, saboda kullum sai dai in tarar maigidana ya riga ya kawo komai. Yayan matata mahauci ne, ya ce kada in damu, zai riƙa ba ni nama in biya bayan na sayar. Amma na lura sai yamma yake cewa in zo in ɗauka, kuma zuciyata na raya min abin da ya rage masa ne. Wani abokina kuma ya ce in haɗa kuɗin in je Wudil in sayo sa guda in zuba a firiza, ya fi araha. Ina tsoron in ƙi tayin Yaya a ce na raina surukai, ina kuma tsoron jarina ya narke. A ina zan sayi nama da sauran kaya, kuma yaya zan yi da Yaya?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya albarka a abin da za ka fara.

Bari in fara sallamar abokinka, don maganarsa ba ta da tsawo. Kada ka sayi sa. Wanda bai taɓa tsayawa an feɗe sa a gabansa ba shi ne yake ganin duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu nama ne. Idan aka cire fata da kai da ƙafafu da jini da kayan ciki da abin da ke cikin tumbi, kusan rabin nauyin dabbar ya tafi. A rabin da ya rage akwai ƙashi, akwai haƙarƙari, akwai wuya da ƙwauri masu jijiya waɗanda sai tukunya. Abin da zai hau tsinke bai kai yadda kake zato ba. Sauran kuwa sai ka zama mahauci ka sayar, kuma ba sana'arka ba ce. Ga la'adar dillali a kara, ga kuɗin mota daga Wudil, ga na yanka da fiɗa. Sannan ka ɗauki jarinka kacokan ka damƙa wa firiza, a garin da wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci, ta Maigatari ranar Alhamis, ta Ɗambatta ranar Lahadi. Ka je ka ba idonka abinci in ka samu sarari, amma ka bar kuɗinka a gida. Idan Allah ya buɗa nan gaba, ka san kilo nawa kake sayarwa a dare, za ka iya haɗa kai da masu tsire uku ko huɗu ku yi watanda. Wannan zancen baɗi ne.

Yanzu ga Yaya, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ka barci.

Ban ce mutumin nan mugu ba ne. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi tayin, yana ganin ya rufa wa ƙanwarsa asiri. Amma ka duba yadda abin yake a teburin kowane mahauci. Da safe masu kuɗi a hannu suke zuwa, masu gidajen abinci da matan gida da masu tsiren da suka daɗe a harkar, su zaɓi cinya da tsoka mai kyau su biya su tafi. Abin da ya kai la'asar a kan tebur ya sha rana, ya sha ƙuda, an yayyafa masa ruwa ya fi sau nawa don kada ya bushe. Wa za a ba shi? Wanda ba zai iya cewa a'a ba. Mai karɓar bashi ba ya zaɓe, ɗana. Ranar da ka ɗaga tsoka ka shinshina ka ajiye, za a ce maka, “To, kai da ba ka kawo ko sisi ba?” In ma bai faɗa ba, kai za ka ji nauyin faɗa masa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma bashin dangi yana da wata ɓaraka da na bare ba shi da ita. Idan ka yi kwantai ranar ruwan sama ka kasa biya, bare zai zo shagonka ya yi faɗa ya tafi. Na suruki kuwa gida yake shiga. Kafin ka dawo maganar ta isa wurin surukarka, matarka ta ji, a wayi gari ana shari'ar kilo biyar na nama a ɗakin aure. Na ga gidan da irin wannan ta faru. Wata uku matar ba ta taka gidansu ba don kunya, alhali kuɗin da ake magana a kai bai kai na akuya ba.

Saboda haka ga abin da nake ganin za ka yi. Kada ka ƙi Yaya, amma ka ƙi bashin. Fara da matarka, ka zaunar da ita ka yi mata bayani tun kafin wani ya riga ka, don ita za a fara tambaya. Sannan ka same shi a gida bayan isha'i, ba a kasuwa gaban yaransa ba. Ka yi masa godiya sosai, sannan ka ce masa wani abu kamar haka: “Yaya, ina so in fara da ɗan abin da ke hannuna, don in san gaskiyar ribata. Alfarmar da nake nema ita ce ka shige min gaba. Ka kai ni mayanka da asuba ka nuna min yadda ake zaɓe, kuma kullum ka ware min cinya daga yankan safe, in biya nan take.” Ka ga ka ba shi girmansa, har ka ɗora shi a matsayin malami, kuma ka mayar da kanka mai saye da kuɗi, wanda yake da bakin magana. Idan ya amince, ka yi babbar sa'a, domin mahaucin da ya san kan dabba kuma yake son ka da arziki ya fi firiza goma. Idan kuwa ka ga fuskarsa ta canza da jin zancen yankan safe, to zarginka ya tabbata, kuma ka gane ba tare da an yi baram-baram ba. Sai ka riƙa sayen hanta da ƙoda ko tozo a wurinsa jefi-jefi don zumunci, babban cinikin ka kai inda ya dace.

In kuma wata rana dole ta sa ka karɓi kaya kafin biya, daga shi ko daga wani, a auna a gabanka, a faɗi farashi, a sa rana, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Ba wanda zai ce ka yi rashin kunya don ka bi ta.

To, ita sayayyar naman. Mako biyu kafin ka kunna wuta, ka riƙa sammako zuwa Abbatuwa, babbar mayankar Kano, bayan sallar asuba, ko da ba za ka sayi komai ba. Ka gai da Sarkin Fawa ko wakilinsa, ka faɗi ko kai wane ne da inda shagonka yake. Mahauta mutane ne masu riƙo da tsari, baƙon da ya shigo ta ƙofa ba a yi masa abin da ake yi wa wanda ya haura katanga. Ka tsaya ka ga su waye masu tsire ke layi a wurinsu. Wannan ya fi duk wata shaida da wani zai ba ka.

Ga abin da za ka duba. Naman yankan ranar ja ne mai haske, in ka danna da yatsa ramin zai ciko, kuma ba ya barin yauƙi a hannu. In ka ga ya yi duhu sosai, jini ya kwanta a cikin tsokar, ka bar shi, don haka naman dabbar da ta galabaita ko ba ta zubar da jini sosai ba yake zama. In ya yi fari-fari yana ɗigar ruwa, an jiƙa shi ne, kuma ruwa za ka saya da kuɗin nama. Hanta kuwa a tsaga maka ita a gabanka. Mai lafiya sumul take, wadda tsutsa ta ci za ka ga hanyoyi farare masu tauri a ciki, wuƙa har ƙara take yi in ta bi ta kai. Amfanin saye a mayanka ke nan, akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi masu dubawa. Duk wanda ya zo maka da nama a buhu da magariba, da farashin da ya yi daɗi fiye da kima, yana cewa biki aka fasa, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa. Araha ba ta ado.

Don tsire, cinya ita ce uwa. Tsokarta faffaɗa ce, tana yankuwa fale-fale, ba jijiya da yawa. Balangu yana son nama mai ratsin kitse, kuma mutanenmu da yawa na rago suke nema, amma rago tsada gare shi, ka bari sai ka ga masu tambaya sun yawaita. Tozo ka riƙa samun ko kaɗan ne, shi ne ke sa mutum ya dawo gobe.

Sayi sikelinka. Wannan kada ka yi wasa da shi. Ba don kana zargin kowa ba, sai don lissafinka. Ranar gwaji ka sayi kilo biyu, ka zo gida ka gyara, ka cire jijiya da fatar da ke lulluɓe da tsoka, ka sake aunawa, ka ga abin da ya ragu. Ka tsire shi ka ƙirga tsinke nawa ya ba ka. Ka raba kuɗin naman da yawan tsinken, ka ɗora na ƙuli da mai da gawayi da albasa da takarda da kuɗin mota. Sai a lokacin za ka san nawa tsinke ɗaya ya tsaya maka. Masu tsire da yawa da suka karye ba rashin ciniki ya karya su ba. Layi ake yi a wurinsu, amma kowane tsinke da ya fita da 'yar asararsa yake fita, ga ɗanɗano da ake miƙa wa duk wanda ya tsaya, ga gyara. Ka yi wannan gwajin da naman mahauta biyu ko uku, za ka sha mamakin yadda kilo ɗin wani ya fi na wani auki.

Kuma ka riƙe mahauta biyu, babba da na ko-ta-kwana. Na biyun ka riƙa saye a wurinsa ko sau ɗaya a mako don kada fuskarka ta ɓace masa. Harkar dabbobi ba ta da tabbas. Ka tuna 2023: aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu kuɗin dako ya tashi, sannan bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli aka rufe iyaka, kasuwanni irin su Maigatari suka ji a jikinsu. A irin wannan lokaci mahauci tsofaffin abokan cinikinsa masu biya yake fara sallama. Ko ba wannan, kowace shekara a ƙarshen rani shanu na ramewa, nama mai kyau ya yi wuya. Ka kuma sa a ranka cewa makon Babbar Sallah da wanda ke biye kowane gida na da soye, don haka ka rage saye ko ka rufe ka huta.

Na daɗe a kan nama, amma abin da zai bambanta ka da mai tukubar da ke gaba da kai ƙuli ne da yaji. Nama kowa a mayanka ɗaya yake saye.

Kada ka sayi garin ƙuli da aka riga aka daka aka ƙulla a leda. Ba ka san abin da ke ciki ba, wasu na ƙara masa garin masara ko na rogo don ya yi auki, kuma a wuta ake gane shi, sai ya ƙone ya yi baƙi maimakon ya yi ja ya kama nama. Nemi mace ɗaya a unguwa mai sana'ar matsar man gyaɗa. A nan ne matarka za ta fi ka amfani, don ita ke iya shiga gidajen. Ta duba irin gyaɗar da matar ke aiki da ita da tsaftar wurin. Ku yi da ita cewa naka daban za a yi: ba sukari, ba barkono, gishiri kaɗan ko babu, a matse mai sosai, a soya ya bushe ƙarau. A wurinta kuma za ka sayi man ƙuli na shafawa, ka huta da man jarka wanda ba ka san asalinsa ba. Ka saya na mako ɗaya ko biyu kawai, don ƙuli in ya daɗe yana maƙaƙi a wuya.

Akwai dalilin da ya sa na ce a duba gyaɗar. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da masana ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma wutar gashi ba ta kashe ta. Irin wannan gyaɗar, ƙanana masu yamushi da ɗaci, ita ce mafi araha a kasuwa, shi ya sa take yawan ƙarewa a ƙuli. In jarinka ya ɗan yi ƙarfi, da kaka ka je Dawanau ka sayi gyaɗa mai kyau da kanka, ka kai wa matar ta yi maka aiki ka biya ta ladanta. Man naka, ƙulin naka.

Kayan yaji kuma ka saye su ɗanye, ba niƙaƙƙe ba: citta, barkono, masoro, kanumfari, kimba, tafarnuwa. Kasuwar Rimi ko Kurmi za ka same su. Garin barkonon da ka gani ja wur kamar jan baki, sau da yawa kala ce. Ka karya citta ka shinshina, mai kyau tana hawa kai nan take, wadda ta tsufa ko ƙwari suka ci sai gari da rami. Yawancin cittar da muke ci daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kaciya da Kwoi, kuma tun da cuta ta faɗa wa gonakinta a 2023 kowa ya ga yadda farashinta ya yi tsalle. Don haka in ka same ta da sauƙi ka ɗan tara, busasshiya ba ta lalacewa da wuri in ba danshi. Ka shanya komai, a daka a gida, ko in inji za ka kai ka tsaya a kai, kada a niƙa maka bayan an gama niƙa wani abin da zai bar wari. Gishiri da ɗunƙule ka sayi kwali a kasuwar Singa, ya fi sayen ɗai-ɗai a kanti. Haɗin kuwa ka auna da cokali ko gwangwani ka rubuta, don yajin yau ya zama irin na jiya. Kuma kada ka ba yaron shago sirrin.

Albasa da tumatir da kabeji da kokwamba, 'Yankaba da safe. Albasa ce kaɗai za ka iya tarawa. Tana araha a ƙarshen sanyi zuwa bazara lokacin da ake cire ta rani, ta yi tsada wajen ƙarshen shekara. In za ka ajiye, baza ta a inuwa inda iska ke shiga, ba a buhu ba. Tumatir kuwa na rana ɗaya, in ya yi tsada da damina ka bar shi, ba wanda ya taɓa fasa sayen tsire don babu tumatir.

Gawayi ka ɗaga buhun ka ji nauyi, ka sa a zazzage maka ko rabi ne, don an saba jera manya a sama a cika ƙasa da gari. Na itace mai tauri irin ƙirya ya fi daɗewa yana ci, shi ya sa maƙera ke son sa. Ka tara kafin ruwa ya sauka, ka ɗora a kan katako. Kuma don Allah kada ka hura wuta da kalanzir ko leda, warin yana kama nama, mai saye ba zai gaya maka ba, sai dai ka daina ganinsa. Tsinke ka saya da yawa, sabo. Takardar naɗi ka nemi fara mai tsafta wadda ba rubutu, ka bar tsohuwar jarida da takardar siminti, tawada da mai mai zafi ba abin haɗawa ba ne. Kafin ka buɗe ka leƙa ƙaramar hukumarku ka ji abin da duba-gari ke buƙata, ya fi su zo su same ka da nama a kan wayar gashi.

Daren farko kada ka wuce kilo uku ko huɗu. Gara ƙarfe tara ta yi kana cewa “ya ƙare, sai gobe” da ka kwana da nama. Abin da ya rage ɗanye ka zuba a cikin kula mai ƙanƙara, wanda aka gasa kuma a kai gida a ci ko a yi sadaka, kada ka ɗumama wa mutane shi washegari. Kuɗin sallamar nan ka raba shi uku: kashi ɗaya kayan aiki, kashi ɗaya na juyawa, kashi ɗaya ka ba matarka ta ɓoye inda kai ma ba ka sani ba, don watan farko sai a hankali.

Tsinken farko da ya sauka daga wuta ranar buɗewa, ka haɗa guda goma masu kyau da tozo, ka naɗe, ka aika gidan surukarka, ka aika wa Yaya nasa daban. Bayan kwana arba'in ka sake rubuto min, ka gaya min tsinke nawa kilo ɗaya yake ba ka, da kuma abin da Yaya ya ce da ka ambaci yankan safe.